Shin Tsufa Cuta Ce?

'Yan'uwa a cikin Kristi, a ƙauyukanmu idan tsoho ya kwanta ciwo sai a ce, "Ai tsufa ne, ba shi da magani." Da wannan magana mukan bar iyayenmu cikin wahalar da asibiti zai iya ɗauke musu.

Masana ma sun yi gardama a kan wannan tambaya. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya sabon jerin sunayen cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022, da farko an rubuta "tsufa" a ciki. Likitoci da masu kula da tsofaffi suka ƙi, domin suna tsoron za a riƙa rubuta "tsufa" a daina neman ainihin ciwon. Sai Hukumar ta cire kalmar, ta sa raguwar ƙarfin jiki da shekaru ke kawowa.

Tsufa ba cuta ba ce. Furfura, raguwar ƙarfi da tafiya a hankali hanya ce da kowane mai tsawon rai zai bi. Amma jikin da ya tsufa ya fi saurin kamuwa da cututtuka, kuma yawancinsu ana iya taimakonsu:

Yanar ido: ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya sake gani. Ana yin wannan aiki a asibitoci da dama, har da Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Hawan jini: yakan ɓoye ba tare da alama ba, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Idan awo ya riƙa kai 140/90 ko fiye, a ga ma'aikacin lafiya.

Ciwon suga: yawan ƙishirwa, yawan fitsari da miki mai ƙin warkewa.

Wahalar fitsari ga tsofaffin maza: a kai su asibiti, kada kunya ta hana.

Ruɗewa: tsohuwar da take mance sunan 'ya'yanta ko take yawo da dare ba mayya ba ce. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, tana bukatar haƙuri da tsaro.

Muna roƙon dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata su rubuta sunayen tsofaffin da ba sa iya zuwa sujada, su riƙa ziyartarsu, matasa kuma su kai su awon jini. Girmama iyaye da Allah ya umarce mu ya haɗa da neman musu magani. Ubangiji ya taimake mu.