Shin Ko Kun San? Daga Rumfar Mbamba Zuwa Kotun Ƙoli

Shin ko kun san cewa matan Mubi da Ganye sun riga matan birnin Yola jefa ƙuri'a da shekara 15? A watan Fabrairun 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a Arewacin Kamaru, yankin da aka ƙwace daga hannun Jamus bayan yaƙin duniya na ɗaya aka ba Ingila riƙo. Tambayar ita ce a shiga Nijeriya ko a bi Jamhuriyar Kamaru. Majalisar ta kafe cewa duk baligi, namiji ko mace, yana da ƙuri'a. Yola kuwa tana cikin Jihar Arewa tun asali, inda doka ba ta yarda mace ta yi zaɓe ba, kuma ba a buɗe wa mata wannan ƙofa ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Ke nan mace a gindin duwatsun Mandara ta sa hannu a shata iyakar ƙasa, alhali 'yar uwarta a Mbamba da ke Yola ba ta da ta cewa ko a zaɓen ɗan majalisa.

Nijeriya ta samu ƙuri'a 146,296, Kamaru ta samu 97,659. Ranar 1 ga Yunin 1961 yankin ya zama Lardin Sardauna. Abin ya yi wa Shugaba Ahmadu Ahidjo na Kamaru ciwo har ya kai ƙara Kotun Duniya, wadda a 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan batun. Kuma wannan ce ƙuri'a ta biyu. An yi ta farko a Nuwamban 1959, ta maza zalla, mutanen suka ce a dakata tukuna, ba su shirya ba.

Jada, garin da aka haifi Atiku Abubakar a 1946, yana cikin wancan yanki. Da ƙuri'ar ta juya, da wani labarin ake yi.

Ko kun san cewa Mbamba ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, kuma ɗaya daga 226 na jihar baki ɗaya? Adamawa na da ƙananan hukumomi 21, kuma tsarin mulki bai yarda yawan ƙuri'a kaɗai ya ba mutum kujerar gwamna ba. Sai ya haɗa da kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomin, wato 14. A jihar da mutum zai tashi daga ƙasar Bachama ya kwana a ta Kilba ko Margi, wannan sharaɗi shi ke hana ɗan takara ya tsaya a Yola da Jimeta ya ce sun ishe shi.

Jihar kanta an haife ta ne ranar 27 ga Agustan 1991, da aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba. A zamanin Gongola, Bamanga Tukur ya ci zaɓen 1983, aka rantsar da shi a watan Oktoba, soja suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba. Wata uku cif.

Shin ko kun san Adamawa ta taɓa zaɓen gwamnan da bai yi ko kwana ɗaya a ofis ba? A Janairun 1999 Atiku ya lashe kujerar a PDP. Kafin ranar rantsuwa Olusegun Obasanjo ya ɗauke shi mataimaki. Sai tambaya ta taso wadda masu rubuta doka ba su hango ba: gwamna mai jiran gado bai mutu ba, bai kuma karɓi rantsuwa ba, ya dai tafi. Hukumar zaɓe ta ce a sake zaɓe. PDP ta ce ai ga mataimaki nan. Kotun Ƙoli ta goyi bayan jam'iyyar, Boni Haruna ya hau, ya yi shekara takwas. Ɗaliban lauya a duk faɗin ƙasar nan suna karanta wannan shari'a har gobe.

Daga nan sai kujerar ta koma kamar ta mai aski, wannan na tashi wancan na zama.

Murtala Nyako ya ci zaɓen 2007. A Fabrairun 2008 kotu ta rushe shi saboda an cire ɗan takarar AC, Ibrahim Bapetel, ba bisa ƙa'ida ba. Kakakin majalisa James Barka ya riƙe, aka sake zaɓe a Afrilu, Nyako ya dawo. Sai wata gardamar: shekara huɗun nasa daga rantsuwar farko za a ƙirga ko daga ta biyu? Ranar 27 ga Janairun 2012 Kotun Ƙoli ta ce daga ta farko, ta sauke gwamnoni biyar a zama ɗaya, na Adamawa da Sakkwato da Kogi da Bayelsa da Kuros Riba. Wanda ya riƙe Adamawa a 'yan kwanakin shi ne kakakin majalisa na lokacin, Ahmadu Umaru Fintiri. Nyako ya sake cin zaɓe a Fabrairu.

Amma abin da ya fi ɗaure kai ya faru ne a 2014, shekarar da mutum uku suka zauna a kujerar. Majalisa ta tsige Nyako ranar 15 ga Yuli. Mataimakinsa Bala James Ngilari ya riga ya rubuta takardar murabus, don haka Fintiri ya sake riƙo, aka sa ranar zaɓen cike gurbi, 11 ga Oktoba. Ana saura kwana uku, an gama fitar da 'yan takara, an kashe abin da aka kashe, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce murabus ɗin Ngilari bai inganta ba. Dalili? Takardar ta tafi wurin kakakin majalisa, alhali tsarin mulki ya ce wurin gwamna mataimaki zai aika ta. Sunan da aka rubuta a saman wasiƙa ya soke zaɓen jiha guda. Aka rantsar da Ngilari a ranar. A 2016 kuma kotu ta ce ita kanta tsigewar Nyako ba a bi ƙa'ida ba, sai dai wa'adinsa ya riga ya wuce, ba kujerar da za a mayar masa.

A nan ne masu muhawara ke rabuwa. Wasu na cewa alƙalai sun ƙwace aikin masu zaɓe, talaka ya sha rana a layi, mutum biyar ko bakwai a Abuja su yanke. Wasu na cewa in ba a bin ƙa'ida to mai ƙarfi ne zai riƙa faɗin sakamako. Ni dai na fi karkata ga na biyun, kuma abin da ya faru a 2023 ne hujjata.

Ko kun san sau biyu a jere, 2019 da 2023, ana bayyana zaɓen gwamnan Adamawa a matsayin wanda bai kammala ba? Ƙa'idar ita ce: in tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan masu zaɓe a rumfunan da aka soke ba, sai an koma waɗannan rumfuna. A zagayen 18 ga Maris na 2023 Fintiri na gaban Sanata Aishatu Dahiru Binani da ƙuri'a dubu 31 da 'yan kai, aka koma rumfuna 69 ranar 15 ga Afrilu. Washegari da safe, ana tsakiyar tattara sakamako, kwamishinan hukumar zaɓe na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya sanar cewa Binani ta yi nasara. Doka kuwa ba ta ba kwamishina wannan hurumi ba, na baturen zaɓe ne, wato Farfesa Mohammed Mele na Jami'ar Maiduguri. Hedikwatar hukumar a Abuja ta soke sanarwar a ranar, ta kuma dakatar da kwamishinan. Ranar 18 ga Afrilu aka ba Fintiri nasara da ƙuri'a 430,861. Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024.

Wanda ya taɓa tsayawa a rumfa har magariba ya san inda maganin irin wannan yake. Ana zazzage akwati a gaban jama'a, malamin zaɓe na ɗaga ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya, matasa na ƙirgawa da ƙarfi tare da shi. A cike takardar sakamako, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu, kowa ya karɓi kwafinsa, a ɗauki hotonta da na'urar BVAS, a manna ɗaya a bango. Daga nan ta wuce cibiyar mazaɓa, sai ƙaramar hukuma, sai jiha. Ejan da ya bar rumfa don an kira shi karɓar kuɗin abinci, ya bar jam'iyyarsa ba shaida a kotu.

Da sanarwar Hudu Yunusa Ari ta tsaya, da Binani ce mace ta farko da aka bayyana a matsayin zaɓaɓɓiyar gwamna a Nijeriya. Virginia Etiaba ta Anambra ta hau ne a 2006 bayan an tsige Peter Obi, ba da ƙuri'a ba. Mutanen Mbamba ba baƙin Binani ba ne: ita ta wakilci Yola ta Arewa da Yola ta Kudu da Girei a Majalisar Wakilai daga 2011, ta zama sanatar Adamawa ta Tsakiya a 2019, kuma a fidda gwanin APC na 2022 ta kayar da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Jibrilla Bindow. Kafin ta, Grace Bent ta je Majalisar Dattawa daga kudancin jihar a 2007. Binta Masi Garba kuwa ta wakilci Kaduna ta Kudu a Majalisar Wakilai daga 1999 zuwa 2007, ta dawo gida ta wakilci Madagali da Michika, sannan ta zama sanata a 2015. Jiha biyu, mace ɗaya.

Mai son ya bi waɗannan batutuwa a rubuce ba sai ya yi nisa ba. Dakta Mahmud Tukur, ɗan Yola kuma shugaban farko na Jami'ar Bayero, ya fitar da littafi a 1999 kan shugabanci da mulki, inda ya auna gwamnatin zamani da ma'aunin Daular Usmaniyya. Farfesa Sa'ad Abubakar kuma tun 1977 ya rubuta tarihin siyasar lamiɓen Fombina, daga Modibbo Adama da ya kafa Yola a 1841 zuwa shigowar Turawa a 1901.