Mece ce na'urar PET, kuma me ya sa ake gyara hotonta?

A labaran binciken cutar daji ana yawan ambaton PET. Na'ura ce mai nuna yadda sassan jiki ke aiki, ba siffarsu kaɗai ba. Akwai 'yar ƙarama ta ɗakin bincike, wadda ake gwajin sababbin magunguna da ita a jikin ɓeraye.

Ana yi wa ɓera allurar sukari mai ɗauke da sinadarin fulorin-18, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi cikin kimanin minti 110. Ƙwayoyin cutar daji na da haɗamar sukari, sai ya taru a wurinsu. Daga nan wani haske da ido ba ya gani yake fita bibbiyu, kowanne ya nufi ɓangarensa, na'ura tana ƙirgawa.

Sai dai tsoka da ƙashi suna tare wani kaso na hasken, sai tsakiyar jiki ta fito dishi-dishi a hoton. Gwargwadon girman dabba, gwargwadon asarar. Shi ya sa ake haɗawa da hoton wata na'ura mai suna CT don auna kaurin kowane sashe, kwamfuta ta cike giɓin.

In ba a gyara ba, awo zai karkace, a yi wa magani hukuncin kuskure, kuma majinyaci ne zai ɗanɗana. Ilimi ne da ya kamata ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare, a masarautar Katagum, su riƙe da kyau.