Renon Furen Okid da Ɗaukar Hoton Furanni

A ƙasarmu in aka ce mutum yana shuka, abin da za a tambaye shi shi ne, gero ne ko dawa, ko kuwa albasa ce a fadama? In ya ce fure ne, sai a yi murmushi a ce, "To, ana cinsa ne?" Wannan tambaya ba ta da laifi, gama abinci shi ne gaba. Amma a tuna, wake da kuɓewa da auduga da mangwaro, duk sai sun yi fure kafin su ba da 'ya'ya. Saboda haka nake so in yi ɗan bayani a kan abubuwa biyu da nake yi in na sami sukuni, watau renon wani fure da ake kira okid a cikin tukunya, da kuma ɗaukar hoton furanni. Nufina in nuna cewa su biyun nan abu guda suke koya wa mutum, shi ne ya duba abu da kyau, ya san halinsa, kafin ya kai masa hannu.

Da farko dai, okid ba tsiro ɗaya ba ne. Dangi ne babba ƙwarai, masana sun ƙidaya iri kimanin 28,000, kuma ana samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika. Abin da ake gane su da shi shi ne furen. Yana da ganye shida, amma ɗaya yakan bambanta da sauran, ya yi faɗi ko ya lanƙwashe kamar leɓe, nan ne ƙwaro ke sauka in ya zo shan zaƙin furen. Ƙamshin banila da muke ji a cikin biskit da alewa, asalinsa daga 'ya'yan wani okid ne. Wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, shi ne ya gano hanya mai sauƙi ta yi wa furen banila barbara da ɗan tsinke, a tsibirin Reyuniyon cikin 1841. Har yanzu da dabararsa manoman Madagaska suke aiki. Kun ga ashe kallon fure ba aikin banza ba ne.

Nijeriya ma tana da nata. Sun fi yawa a dazuzzukan kudu da kan tsaunuka masu sanyi irin su Obudu da Mambila da Jos. Waɗansu a ƙasa suke tsirowa, kamar dangin da masana ke kira Eulophia, masu ɓoye kai a ƙarƙashin ƙasa duk rani, sai ruwa ya sauka su fito da fure. Waɗansu kuwa a kan itatuwa suke zama. Mafi shahara cikinsu shi ne Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. An sa masa sunan John Ansell, wanda ya samo shi a tsibirin Farnando Po cikin 1841. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, ya sa shi cikin tsirran da kakanninmu ke kira manta-uwa. Ashe sun san shi tun kafin mu ji sunansa a makaranta.

Duk wanda ya ga okid a kan reshe zai ce kauci ne. To, a nan ne bambancin yake, kuma wanda ya gane shi ya gane rabin renon. Kauci yana huda reshe, ya shige ciki, ya riƙa shan ruwan jikin itacen har ya raunana shi. Okid kuwa baƙo ne mai kunya, masauki kaɗai yake nema. Saiwarsa tana manne a bayan ɓawo, a sarari, iska tana bugunta. Tana da wata farar fata mai kama da soso, wadda ke tsotse ruwan sama da raɓa nan da nan, sa'an nan ta bushe. Abincinsa kuwa daga ruɓaɓɓen ganye da ƙura da kashin tsuntsaye da ruwa ke wankowa yake samu. Saboda haka in ka ɗauki irin wannan tsiro ka dasa shi a ƙasar lambu, ka yi ta kwarara masa ruwa kamar alayyafo, saiwar za ta rasa iska ta ruɓe. Yawancin okid da ke mutuwa a gidaje, ba ƙishirwa ke kashe su ba, yawan ruwa ne.

Ba a shuka shi daga iri a gida. Irinsa kamar ƙura yake, kwanso ɗaya yakan ɗauki dubbai, wani ma miliyoyi, kuma ba shi da guzurin abinci irin na ƙwayar masara. A daji sai ya dace da wata irin funfuna da za ta ciyar da shi kafin ya tsiro. Sai a 1922 wani masani a Amurka, Lewis Knudson, ya nuna yadda za a tsirar da shi cikin kwalba mai tsabta da sukari da sinadaran abinci. Wannan ne ya buɗe ƙofar yaɗa shi da yawa. Mai reno a gida tsiro yake saya daga masu sayar da furanni a manyan birane, ko ya roƙi ɗa daga wanda nasa ya yi 'ya'ya. Iri biyu aka fi samu: Phalaenopsis, mai fure kamar malam-buɗe-littafi, wanda furensa kan yi wata biyu ko uku bai bushe ba, da Dendrobium, mai tsayi kamar kara, wanda ya fi jure zafi da haske. Duka biyu asalinsu daga wajen kudu maso gabashin Asiya ne.

Ga yadda nake shirya masa wuri. A sami ƙaramar tukunyar ƙasa, a roƙi magini ya huda ta a gindi da gefe-gefe tun tana ɗanya. A cika ta da gutsattsarin gawayi da tsingaro da ɓawon kwakwa, manya-manya kamar goro, bayan an wanke su an jiƙa. Ƙasa ko ɗaya ba ta shiga. A zaunar da tsiron a sama, a ɗaure shi da tsinke don kada ya yi rawa. A ajiye shi inda zai sami hasken safiya amma ya tsira daga ranar tsaka, kamar ƙarƙashin darbejiya ko rumfa ta gabas. A rataye shi ko a ɗora a kan wani abu mai tsayi, gama akuya ba ta san tsada ba, gara kuma ba ta barin ɓawon kwakwa.

Wajen ban ruwa, saiwar ita ce malama. In ta yi fari fat, tana son ruwa. In tana kore, a ƙyale ta. A zuba da safe har ya zubo ta ƙasa, kada kuma a bar ruwa ya kwana a tsakiyar ganye. Ruwan sama ya fi kowane, don wani ruwan rijiya ko na burtsatse yana da gishiri-gishiri mai ƙona bakin saiwa. Taki kuwa na narkarwa a ruwa ake ba shi, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwali.

Mu a Wudil, kowane lokaci da tasa rigimar. Da damina okid yana gida, iska da laima, sai dai a kare shi daga ruwan watan Agusta mai kwana yana zuba. Da hunturu iska takan bushe ƙamas, ƙura ta rufe ganye, saboda haka a riƙa share ganyen da tsumma mai danshi, a ajiye kwanon tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunyar ba tare da gindinta ya taɓa ruwan ba, in dare ya yi sanyi ƙwarai kuma a shigar da shi ɗaki. Amma hunturu na da nasa alheri, don saukar zafi na 'yan makonni shi ke sa Phalaenopsis ya fitar da sandar fure. Babbar jarrabawa ita ce bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, alhali shi ya fi jin daɗi tsakanin 20 da 30. A nan dabarar gida ce ke ceto. Kowa ya san gindin randa ya fi ko'ina sanyi, saboda ruwan da ke tsatsowa yana bushewa yana tafiya da zafi. Da wannan hikima marigayi Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya yaɗa tukunya-cikin-tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka nake yi wa nawa: ƙaramar tukunya cikin babba, yashi mai danshi a tsakani, a bar hudar gindi a buɗe, a ajiye kusa da randa.

Ba zan ɓoye muku ba, okid yana da tsada, kuma sau ɗaya a shekara yawancinsu ke fure. Wanda ba shi da hali, ya fara da kariya, wadda ta saba da ƙasarmu, sai dai a kiyaye yara daga ruwan jikinta don dafi ne. Mai haƙuri dai shi ke dafa dutse.

To, tun da fure ba ya daɗewa, sai mu zo ga hoto. A da, sai mai kyamara da fim mai ɗaukar hoto 24 ko 36, sa'an nan a kai wanki a jira. Yanzu wayar hannu ta isa, ko ta aro ce. Abin da ake bukata shi ne ido da natsuwa. Na farko, lokaci: da sassafe zuwa hantsi, ko bayan La'asar, lokacin da haske ke da taushi. Ranar tsaka tana wanke launi, ta jefa baƙar inuwa. Hazo da gajimare abokan mai hoto ne, don suna tace hasken rana. Na biyu, a goge idon kyamara, gama ƙura da maiƙon yatsa ke sa hoto ya yi dishi-dishi. Na uku, a durƙusa daidai da furen, a matsa kusa da ƙafa maimakon jawo shi da na'ura, a taɓa gilashin wayar a kan furen don ya fito sarai. Na huɗu, a duba abin da ke bayansa. Bokiti ko igiyar shanya suna ɓata hoto, baƙin ƙyalle ko bangon ƙasa kuwa suna fito da shi. In gefe ɗaya ya yi duhu, farar takarda za ta mayar masa da haske. In iska na kaɗa shi, a jira ta lafa.

Ba sai an je nesa ba. Bakin kogin nan namu, wanda ya haɗo ruwan Kogin Kano da na Calawa ya nufi Haɗeja, makaranta ce guda. Bado yana buɗewa da dare ya rufe in rana ta ɗaga, saboda haka mai son hotonsa sai ya yi sammako. Duman rafi yana shimfiɗe a kan yashi da furensa shuɗi-shuɗi mai ja. Furen auduga fari-fari yake fitowa, kashegari ya koma ja. Furen kuka da yamma yake buɗewa, yana reto, jemagu ke ziyartarsa da dare. Gawo kuwa, da ya ƙi ganye da damina, sai ruwa ya ɗauke yake fure. Har ƙuduji, maƙiyin dawa da gero, furensa kyakkyawa ne, kuma yaron da ya san shi zai tuge shi kafin ya zubar da iri. A kowane hoto a ɗauki furen da ganyen da tsiron gaba ɗaya, a rubuta rana da wuri, sa'an nan a kai wa kaka ko wani dattijo ya faɗi sunansa da amfaninsa. In ana son sunan kimiyya, ga malaman aikin gona a Jami'ar Aliko Ɗangote nan cikin garinmu.

Wannan shi ne babban dalilin rubutuna. Itatuwa suna ƙarewa a murhu, dazuzzuka suna komawa gonaki da gidaje, dattawan da suka san sunayen tsirrai kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da yawa cikinmu mun san sunayen 'yan ƙwallon Turai goma sha ɗaya, amma ba za mu iya kiran sunan ciyawa biyar da ke ƙofar gidanmu ba. Okid na daji ya fi kowa shiga haɗari, don yana daɗewa kafin ya girma, in an tuge shi kuma da wuya ya rayu, musamman na ƙasa. Shi ya sa yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ke cikinta, ta sa ido a kan cinikin dukkan dangin okid tsakanin ƙasashe. Saboda haka shawarata ita ce, wanda aka rena a kwalba a saya a sa a tukunya, na daji kuwa a ɗauki hotonsa a bar shi inda Allah ya ajiye shi.

Roƙona ga iyayenmu, in kun ga yaro durƙushe gaban tumfafiya da waya a hannu, kada ku ce zaman banza yake, ku faɗa masa sunanta da abin da ake yi da ita. 'Yan'uwana ɗalibai kuwa, kowa ya nemi furanni goma a wannan hutu, da hotonsu da sunansu na Hausa, mu haɗa su mu ajiye a laburaren makaranta domin na bayanmu. Allah ya sa mu dace, amin.