Lissafin Bashi: Idan Biyan Wata Ya Zarce Albashi

Gabatarwa

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomi kan ci bashin taki kafin damina, ɗan kasuwa kan karɓi kaya ya biya bayan ya sayar, ma'aikaci kuwa kan sa a rubuta masa gari da mai a kanti har ƙarshen wata. Duk wannan al'ada ce da rayuwa ta saba da ita. Matsala tana farawa ne daga ranar da jimillar abin da ake so mutum ya biya a wata ta zarce abin da yake samu a watan. Daga wannan rana al'amarin ya koma hannun lissafi, shi kuwa lissafi ba ya jin lallashi. Wannan maƙala za ta bayyana yadda irin wannan bashi yake girma, da kuma matakan da wanda ya faɗa cikinsa zai bi ya fita.

Bashi iri biyu

Masana harkar kuɗi sun kasa bashi gida biyu. Akwai mai jingina, wato wanda aka ajiye gona ko gida ko mota a madadinsa, in an kasa biya a sayar da abin. Akwai kuma wanda ba jingina, kamar rancen albashi na banki, da rancen ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, da bashin kanti, da rancen da ake karɓa ta manhajar wayar hannu. Da yake mai ba da irin wannan rance ba shi da abin riƙewa, yakan ɗora kuɗin ruwa mai yawa domin ya rufe asarar waɗanda ba za su biya ba. Saboda haka bashin da ya fi sauƙin samu shi ne sau da yawa ya fi tsada.

A 'yan shekarun nan magidanta da yawa a Nijeriya sun shiga wannan hali. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin abinci da sufuri ya yi tashin gwauron zabo, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000 a watan Yuli na 2024, amma kafin ƙarin ya iso, mutane da dama sun riga sun cike giɓin cefane da rance.

Misalin wani malami

A ɗauka akwai wani malamin makaranta da albashinsa yake N90,000 a wata. Abinci da haya da kuɗin mota da magani suna cin N60,000. Banki yana bin sa N360,000, yana cire N30,000 kowane wata. Ƙungiyar gama kai tana bin sa N180,000, tana karɓar N15,000. Mai kanti yana bin sa N12,000 yana so a biya shi yanzu. Sa'an nan ya karɓi N40,000 ta manhajar waya a kan ruwan kashi 20 cikin ɗari a wata, wato zai mayar da N48,000 bayan kwana 30.

Idan aka haɗa abin da ake so ya biya a wannan wata, za a sami N105,000, wato kashi 117 cikin ɗari na albashinsa, tun bai sayi ko mudun masara ba. In aka ƙara N60,000 na buƙatun gida, sai ya zama yana neman N165,000 alhali N90,000 ke hannunsa. Giɓin da ke tsakani N75,000 ne.

Abin da mutane da yawa kan yi a nan shi ne su buɗe wata manhajar su ranci N75,000 ɗin, su biya kowa, su sami barci na 'yan kwanaki. To amma bayan wata guda wannan sabon rance ya zama N90,000, daidai da albashin gaba ɗaya. Banki da ƙungiya da cefane suna nan yadda suke, don haka giɓin wata na biyu ya koma N105,000. In ya sake ranta, giɓin wata na uku N141,000 ne, na huɗu kuma N184,200. Malamin bai sayi wani sabon abu ba, bai yi biki ba, amma ramin ya fi ninki biyu cikin wata huɗu.

Ruwa a kan ruwa

Ɗalibin lissafi zai gane abin da ya faru. Akwai ruwa mai sauƙi, wanda ake lissafawa a kan uwar kuɗi kaɗai. Akwai kuma ruwa a kan ruwa, inda ruwan watan jiya yake shiga cikin uwar kuɗi, shi ma ya haifi nasa. Duk wanda ya ci sabon bashi don ya biya tsoho tare da ruwansa, to da hannunsa ya mayar da na farko ya koma na biyu, ko da kuwa kowane mai ba da rancen ruwa mai sauƙi ya rubuta masa.

Irin wannan girma shi ne ɗaliban ilmin halittu suke gani a ƙwayoyin cuta. Ƙwayar bakteriya da ake kira E. coli tana iya rabuwa biyu cikin kimanin minti 20 idan ta sami abinci da ɗumi, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Da farko ba a lura, can sai a ga sun cika wuri.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta gane lokacin da bashi zai ninka, wadda masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya ambata a littafinsa na 1494. Ana raba 72 da adadin ruwan. Idan ruwa kashi 3 ne a wata, bashi zai ninka cikin wata 24. Idan kashi 20 ne, zai ninka kafin wata 4 ya cika. Rancen N40,000 da aka yi ta juyawa a haka har wata 12 zai haura N356,000, wato kusan ninki tara. Wannan shi ne dalilin da ya sa mataki na farko, kafin kowane, shi ne a daina cin sabon bashi mai ruwa.

A rubuta komai a takarda

Wanda bashi ya yi wa katutu ba ya son duba yawan abin da ake bin sa, kuma kimiyya ta nuna cewa damuwar kuɗi tana rage wa ƙwaƙwalwa ƙarfin tunani. A wani bincike da mujallar Science ta buga a 2013, an gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu: kafin girbi, lokacin da suke cikin ƙunci da bashi, da kuma bayan an biya su kuɗin rakensu. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan girbi. Ke nan bai kamata mai damuwa ya riƙe lissafinsa a ka ba.

Sai a sami takarda a ja layi biyar: sunan mai bin bashi, abin da ya rage, yawan ruwa, abin da ake biya a wata, da abin da zai faru in ba a biya ba. Kada a bar ko ɗaya, har bashin ɗan'uwa da zubin adashi. Wanda yake shakkar abin da bankuna suka rubuta a kansa, dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba shi damar neman rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara daga kamfanonin da ke adana waɗannan bayanai. Rubuta bashi ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, domin ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan haka take magana.

Daga nan sai a fitar da rarar gaskiya. Ana fara cire abin da rai da aiki ba za su yiwu ba sai da shi: abinci, haya, magani, kuɗin makarantar yara, da kuɗin zuwa wurin aiki. Abin da ya saura shi kaɗai ne rabon masu bin bashi. Ga malamin nan, N90,000 a cire N60,000, saura N30,000. Wannan ya yi daidai da sulusin albashinsa, kuma sulusi shi ne iyakar da Dokar Ƙwadago ta 1974 ta sa wa abin da za a cire daga ladan ma'aikacin da dokar ta shafa a wata guda.

Yadda za a raba rarar

Hanya ta farko ita ce rabon daidai da nauyi. Jimillar bashin malamin N600,000 ne, rararsa kuma N30,000, wato kwabo 5 ga kowace Naira. Banki zai sami N18,000, ƙungiya N9,000, manhaja N2,400, mai kanti N600. Da za a tsayar da ruwa duka, da ya gama cikin wata 20. Amma ruwan N48,000 na manhaja kaɗai N9,600 ne a wata, ya ninka abin da zai ba ta sau huɗu. Don haka wannan hanya ba ta aiki sai masu bin bashin sun yarda sun tsayar da ruwa.

Hanya ta biyu ita ce a fara kashe bashin da ya fi ruwa, kamar yadda mai kashe gobara yake fara tarar inda wuta ta fi ci. Idan malamin yana da tunkiya ko tsohon janareta ko wani abin da zai iya rayuwa ba shi, gara ya sayar ya biya N48,000 ɗin lokaci guda. In babu, rancen da ba ruwa daga ɗan'uwa ko ƙungiya yana iya maye gurbinsa, bisa sharaɗin kada ya karɓi ko sisi fiye da abin da zai biya, kuma ya goge manhajar daga wayarsa. Bayan haka saura N552,000. Idan banki ya yarda da N18,000, ƙungiya da N9,000, mai kanti da N3,000, to mai kanti zai fita cikin wata 4, a mayar da rabonsa ga sauran, a gama duka cikin kimanin wata 19, ban da ƙarin ruwan da banki zai ɗora saboda tsawaita lokaci. Wannan ƙari shi ne farashin sauƙin da aka samu, kuma ya kamata a tambayi yawansa kafin a sa hannu.

Duk wannan yana buƙatar a je a yi magana tun kafin ranar biya ta wuce. A rubuta wasiƙa, a haɗa da takardar albashi da lissafin gida, a faɗi abin da za a iya biya, a roƙi abu uku: tsawaita lokaci, tsayar da tarar jinkiri, da rage ko tsayar da ruwa. A riƙe kwafin duk abin da aka amince a kai. Kada a yi alkawarin abin da ya wuce rara don kawai a rabu da mai matsa lamba. A Ingila da Wales, tun watan Mayu na 2021 doka ta ba wanda bashi ya fi ƙarfinsa hutun kwana 60, a tsayar da ruwa da tara har ya tsara yadda zai biya. Dalilin da ya sa aka yi wannan doka shi ne lissafin da aka gani a sama, kuma shi ne hujjar da malamin zai kai gaban manajan bankinsa.

Abin da doka ta ce

Guje wa banki ba mafita ba ne. Tun ranar 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da wani tsari da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wasu bankuna, ta amfani da lambarsa ta BVN. Haka kuma a kiyayi ba da cek alhali babu kuɗi a asusu, domin dokar 1977 ta mayar da wannan laifi mai hukuncin ɗaurin shekara 2.

A ɗaya ɓangaren, kasa biyan bashi shi kaɗai ba laifin kamu ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar da ke tsakaninsa da wani kawai. Wurin irin wannan magana kotu ne. Su kuwa masu rance ta waya da ke aika saƙon cin mutunci ga 'yan'uwa da abokan aikin wanda suke bi, hukuma ta sha taka musu burki. A 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfani tarar Naira miliyan 10 saboda keta sirrin jama'a. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta musu yin rajista, a 2023 kuma kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan da ke cikin waya. Wanda aka yi wa haka ya adana saƙonnin ya kai ƙara FCCPC. Wannan ba ya sauke bashin daga wuyansa, amma yana kare mutuncinsa yayin da yake biya.

Akwai kuma taimakon da kunya ke hana mutane nema. Waɗanda bashi ya danne suna cikin kaso takwas na masu cin zakka, kuma jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka. Sanar da iyali gaskiyar halin da ake ciki shi ma yana rage kashe kuɗi fiye da yadda maigida zai iya shi kaɗai a ɓoye.

Kammalawa

Wanda biyansa ya zarce samunsa yana da ƙofofi uku: ya ƙara abin da ke shigowa, ya rage abin da ke fita, ko ya sa a rage abin da ake karɓa a wata. Sabon rance mai ruwa ba ya cikinsu. Malaman lissafi za su iya kai wannan misali aji, su sa ɗalibai su ci gaba da lissafin giɓin malamin nan har wata na 12, su zana shi a jadawali, sa'an nan su sake lissafin da ruwan kashi 5 da na kashi 10, su kwatanta yadda layukan uku suke tashi. Ɗalibin da ya zana wannan layi da hannunsa zai san tambayar da zai yi kafin ya danna maɓallin karɓar rance: nawa ne ruwan a wata, kuma cikin wata nawa zai ninka?