Ko Ka San Littafin Katun Ne Ya Tona Asirin Chrome?

Ko ka san cewa Chrome, burauzar nan da ke cikin kusan kowace wayar Android, a littafin katun duniya ta fara jin labarinta, kuma shi ma bisa kuskure? Kamfanin Google ya yi kusan shekara biyu yana haɗa ta a ɓoye. Da lokacin fito da sigar gwaji ya ƙarato, wadda suke kira beta, sai ya ɗauko wani mai zane Ba'amurke, Scott McCloud, ya ce ya bayyana wa mutane yadda cikinta yake aiki. McCloud ya zana shafi 38, aka buga a takarda, aka shirya aika wa 'yan jarida da marubuta ta gidan waya.

Nan aka kwafsa. Wasu kwafin sun bar ofis tun kafin ranar da aka tsara. Ranar Litinin 1 ga Satumba 2008, ana hutun ma'aikata a Amurka, ɗaya ya isa hannun Philipp Lenssen, wani marubuci a Jamus mai bin diddigin harkokin Google. Bai yi wata-wata ba, ya ɗauki hoton shafukan ya watsa a intanet. Kafin dare ya yi, Google ya fito ya amsa cewa e, sun yi azarɓaɓin aikawa. Washegari, 2 ga Satumba, aka saki Chrome cikin harsuna 43, ga masu Windows XP da Vista kaɗai. Masu Mac da Linux sai da suka jira har Disambar 2009 kafin su ga tasu betar.

Abin da ya fi burge ni shi ne littafin kansa. Wanda ya ji an ce katun zai zaci barkwanci ne da jarumi mai tashi sama. Ina! Injiniyoyin Google na gaske McCloud ya zana, kowa da fuskarsa da sunansa, suna tsaye suna bayanin yadda kwamfuta ke raba wa manhaja wurin ajiya, da yadda ake kwashe tarkacen da shafi ya bari bayan an rufe shi. Darasi ne irin na ajin jami'a, amma sai ka tsinci kanka a shafi na ashirin ba ka gaji ba. Ba mamaki kuwa, domin shi ne ya rubuta Understanding Comics a 1993, littafin da ya yi bayanin fasahar katun da katun ɗin kanta. Google ya san wanda ya ɗauko.

Babban zancen da ke ciki kuwa shi ne na tab, wato 'yan shafukan nan da kake jerawa a saman burauza. A da, yawancin burauzoji a dunƙule suke gudanar da su duka, ɗaya ya sandare, saura su bi shi. Duk wanda ya zauna a kafe a shekarun nan ya san wannan takaicin. Na taɓa ganin wani ɗalibi ya cike fom har ya kai layin ƙarshe, ya buɗe wani shafin don ya kwafo lamba, komai ya daskare. Kibiyar linzami ta koma 'yar kwalbar yashi, mintunan tikitinsa na ta zuba a kusurwar allo, mai kafe ya leƙo ya ce, "Sai dai ka rufe duka, abokina." Chrome ta ce ita kowane tab aikinsa daban. Kamar gidan haya ne da kowane ɗaki ke da mitarsa: fis ɗin ɗaki guda ya ƙone, maƙwabta na shan fankarsu. Shafin da ya mutu sai ya nuna maka wani ɗan hoto mai ɓata fuska, ka rufe shi ka ci gaba da sauran. Har wannan fuskar tana cikin zanen McCloud. Littafin bai ɓoye ba cewa tsarin zai fi cin memori da farko, kuma ga shi har yau ƙorafin da aka fi yi wa Chrome ke nan. Idan kana kan kwamfuta mai Windows, danna Shift da Esc tare a cikinta, za ta jero maka kowane tab da abin da yake lashewa.

A wasu shafukan an zana Lars Bak da Kasper Lund, 'yan Denmak, waɗanda suka jagoranci ƙera V8, injin da ke sarrafa JavaScript, harshen da ke sa shafuka irin su Gmail motsi. A gonar Bak da ke kusa da birnin Aarhus aka fara wannan aiki, nesa da Kalifoniya. Injin ya yi saurin da a 2009 aka ciro shi aka gina Node.js a kansa, yau yana gudanar da ɗimbin shafuka daga can ɓangaren saba.

To, da mutane suka sauke ta fa? Abin da kusan kowa ya fara faɗa shi ne sauri, sai kuma fayau ɗin da fuskarta take. Babu jerin menu a sama, babu tulin maɓallai. Tab-tab sun hau can ƙololuwa, wurin rubuta adireshi da wurin bincike sun zama akwati ɗaya. In ka buɗe sabon tab, hotunan shafuka tara da ka fi ziyarta su bayyana, abin da masoya Opera suka yi ta cewa ai su sun riga sun gani tun 2007. Masu Firefox kuma suka taɓe baki, don ba a iya ƙara mata 'yan manhajojin ƙari da suka saba da su. Wasu masu karatun ta-natsu suka gano sashe na 11 na yarjejeniyar amfani, wanda ya nuna kamar Google na da iko da duk abin da ka rubuta ta cikinta. Aka yi caa, kamfanin ya ce kwafo shi aka yi daga yarjejeniyar wasu ayyukansa, ya gyara nan da nan.

Amma wanda ya fi ba ni dariya shi ne na alamomi biyu. Cikin kwanakin farko aka gano cewa in aka haɗa ɗigo biyu da alamar kaso, wato :%, a adireshi, ba tab ɗaya ke faɗuwa ba, Chrome gaba ɗaya ke rufewa. Shafi 38 na alƙawari, alamomi biyu suka kayar! An toshe ɓarakar ba da jimawa ba, kuma dama amfanin beta ke nan, a bar jama'a su tono abin da injiniyoyi ba su gani ba.

Betar ma ba ta daɗe ba. Ranar 11 ga Disamba 2008, kwana ɗari bayan fitowa, aka cire mata wannan laƙabi, abin da ya ba mutane mamaki, don an san Google da barin kaya a gwaji har a manta. Gmail da ya fito 1 ga Afrilu 2004 sai a Yulin 2009 ya rabu da nasa, bayan fiye da shekara biyar, miliyoyin mutane na amfani da shi kullum. Kuma ko da aka cire, sai Google ya tanadi wani ɗan zaɓi a cikin saiti, wanda ya yi kewar kalmar ya danna ta dawo masa jikin tambarin.