Agadas, Abzin da Tenere: tarihin da muke wucewa ba mu tsaya mun duba ba

Idan aka ambaci Agadas a hirar fada, ko a Maraɗi ko a Damagaram, abin da ke fara zuwa a rai shi ne tasha: motar Dirku, hanyar Libiya, iyakar Asamaka, ko ramukan zinariya na Jado. Dubban matasa sun ratsa garin da jaka a kafaɗa, sun kwana biyu ko uku suna jiran mota, sun wuce ba tare da sun taɓa hawa hasumiyar babban masallaci ba. Alhali kuwa a jihar Agadas kaɗai akwai wurare biyu daga cikin uku na Nijar da hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan gadon duniya: gandun Abzin da Tenere tun 1991, da tsohon garin Agadas tun 2013. Na ukun shi ne gandun dajin W da ke kudu maso yammacin ƙasa.

Shekaru da dama Turawa ne ke biyan maƙudan kuɗi don su zo su ga waɗannan wurare. Yanzu sun ɗauke ƙafa. Tambayar da ta rage ita ce, wa zai riƙa zuwa, kuma wa zai kula da su?

Garin laka mai shekara fiye da 500

Masarautar Abzin ta kafu ne a farkon ƙarni na 15, kuma a cikin wannan ƙarnin sarakunanta suka mayar da Agadas mazauninsu. Garin ya bunƙasa saboda yana kan mahaɗar hanyoyin fatauci: ayarin da ya taso daga Kano ya bi ta Damagaram da Damargu, a nan yake yada zango kafin ya nufi Gat da Tarabulus. Shi ya sa har gobe Hausa ce harshen kasuwa da na titi a Agadas, tare da Buzanci.

Abin da baƙo ke fara hangowa shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka tsantsa, itatuwa sun fito ta kowane gefe kamar ƙaya. Ana danganta ginin farko da shekarar 1515 da wani malami mai suna Zakariya, an kuma sake gina ta a 1844. Itatuwan nan ba ado ba ne kawai. Su ne ke ɗaure ginin, kuma su magina ke takawa idan lokacin yaɓe ya zo. Matakalar ciki tana ƙara matsewa yayin da mutum ke hawa, ta yadda a ƙarshe sai an karkata kafaɗa. Daga sama ana ganin fadar Sarkin Abzin, da tsofaffin unguwanni goma sha ɗaya, da duwatsun Abzin can nesa.

A cikin lungunan garin akwai gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850, da gidan Sidi Ka mai zanen laka a bango, wanda aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Bernardo Bertolucci na 1990 a cikinsa. A garin ne kuma Kaosan ya yi wa barikin Faransawa ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, kafin a murƙushe boren da kisa mai yawa.

Mutanen kudu ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Gobirawa na cewa kakanninsu a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya zo Agadas neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ɗan Tibiri ko ɗan Tawa da ya je Agadas, zumunci ya je.

Lokacin da hamada ke da tafki

Kimanin kilomita 110 a arewacin Agadas, kusa da hanyar Arlit, akwai wani dutse a Dabus da aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa. Babban ya haura mita 5, kuma masana na ƙiyasta cewa aikin ya kai shekara 6,000 ko fiye. Mai sassaƙar bai bar komai ba, har zanen fatar dabbar ɗaya bayan ɗaya. Duniyar masana ta san da wurin ne a 1987, daga baya aka zuba kwafinsa da ƙarfe aka ajiye a filin jirgin saman Agadas. A kewayen akwai ɗaruruwan wasu zane-zane na shanu, jiminu da mutane.

Me ya kawo raƙumin dawa wurin da yau ko ciyawa sai an nema? Amsar tana Gobero, a cikin Tenere, inda tawagar Paul Sereno, masani daga jami'ar Chicago ta Amurka, ta ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000. An gano kaburbura kusan 200 na mutanen da suka rayu a bakin wani tafki, wasunsu tun kusan shekara 10,000 da suka wuce. An samu ƙugiyoyin kamun kifi da ƙasusuwan kada da dorina. A wani kabari an tarar da mace da yara biyu an binne su suna rungume da juna. Wato a da akwai damina mai ƙarfi a wannan yanki, sai ruwan sama ya yi ta ja da baya zuwa kudu, tafkuna suka ƙafe, mutane da dabbobi suka bi shi.

Akwai abin da ya fi wannan daɗewa. A Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, ƙasusuwan dabbobin dinosor masu shekara fiye da miliyan 100 na kwance a sarari cikin rairayi. Wasu daga cikinsu ma sunan ƙasarmu suke ɗauke da shi, kamar Nigersaurus da Ouranosaurus nigeriensis. Wanda ba zai iya zuwa can ba, yana iya ganin irin waɗannan ƙasusuwa a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai.

Gandun da ya fi wasu ƙasashe girma

An kafa gandun Abzin da Tenere a 1988, kuma faɗinsa ya kai hekta miliyan 7.7, wato ya fi ƙasar Togo girma. Daga yamma duwatsun Abzin ne, daga gabas kuma tekun rairayi. Inda suka haɗu, kamar a Arakao da Temet, manyan tuddan yashi na jingine da baƙin dutse, abin da ya sa hotunan wurin suka zagaya duniya.

Abzin ba fako ba ne kamar yadda mutanen kudu ke zato. A Timiya akwai lambunan lemu, rumman, inabi da dabino, da ruwa mai gangarowa daga dutse zuwa wani ɗan tafki. A kan dutsen Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, mafi tsawo a Nijar, ana noman dankalin Turawa, albasa da tafarnuwa, kuma da yawa daga cikinsu a kasuwannin kudu suke ƙarewa. Tsakanin Timiya da Iferwan kuma akwai kufan Asode, tsohon birnin Buzaye da ya mutu ya bar bangaye da fasassun tukwane.

Sai dai gandun ya sha wuya. Shekara ɗaya kacal bayan shigarsa jerin UNESCO, a 1992, aka mayar da shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari saboda tawayen da ya ɓarke, kuma ya shafe fiye da shekara 30 a nan. Jiminar Abzin mai jan wuya ta ƙare a daji sakamakon farauta. Dabbar addax, mai kama da mariri, wadda aka keɓe wa wani yanki na musamman a tsakiyar gandun, yanzu ƴan kaɗan da suka rage suna can wajen Termit da Tin Tumma, gandun da aka kafa a 2012. Barewa da ragon dutse na nan, amma farauta da mota, saran itace don gawayi da haƙar zinariya da ta bazu tun 2014 na ci gaba da matsa musu.

Hanyar gishiri

Duk wanda ya taɓa ganin kantun gishiri a kasuwar dabbobi ya ga ƙarshen wata tafiya mai nisa. Daga Agadas zuwa Bilma kusan kilomita 600 ne, ta hanyar Fashi. Bayan damina, wajen watan Oktoba da Nuwamba, Buzaye kan ɗaura wa raƙuma gero da ciyawar da za su ci a hanya, su bi madugu su ratsa Tenere. A Fashi da Bilma sai su musanya geron da gishiri da dabino, su juyo, sannan su gangara kudu zuwa Damargu da ƙasar Hausa su sayar. A da, ayari ɗaya kan ƙunshi dubban raƙuma. Yau manyan motoci sun karɓe mafi yawan lodin, amma ayarin bai mutu ba.

A kan wannan hanya ce aka yi shahararren itacen Tenere, itacen ƙaya guda ɗaya tilo a gefen wata rijiya, wanda ake cewa babu wani itace a kewayensa har tsawon ɗaruruwan kilomita. Ayari bayan ayari sun wuce shi, ba wanda ya karya reshensa ya hura wutar shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke shi. An kwashe gangar jikinsa zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a madadinsa.

Can cikin Tenere kuma akwai wani abin tunawa na zamani. A ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Brazzaville ya bi ta Njamena zai je Paris, mutum 170 suka mutu. A 2007 iyalan mamatan, tare da taimakon mutanen yankin, suka jera baƙaƙen duwatsu a siffar jirgin, da fasassun madubai 170, ɗaya ga kowane rai.

Baƙi sun tafi, sana'a ta tsaya

A shekarun 1980 tseren motoci na Paris-Dakar da kamfanonin yawon buɗe ido, irin wanda marigayi Mano Dayak ya kafa, sun sa Agadas ta zama zangon Turawa. Direbobi, masu jagora, masu dafa abinci, maƙeran azurfa da dukawa duk sun ci abinci a wannan harka. Tawayen 1990 zuwa 1995 ya fara karya ta, na 2007 zuwa 2009 ya ƙara, sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a Satumban 2010 ya kusan rufe ƙofa. A 2025 ma an sace wasu mata Turawa biyu a cikin garin Agadas.

Direban da ya san hamada bai da wata sana'a sai hamada. Da baƙi suka daina zuwa, da yawa sun koma jigilar ƴan ci-rani zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta hakan, kafin a soke ta a Nuwamban 2023. Wasu kuma suka nufi zinariya.

Rashin baƙi na taɓa gine-ginen ma. Gidan laka sai da yaɓe a kai a kai, yaɓe kuwa sai da kuɗi. Ambaliyar 2009 ta rusa gidaje da yawa a Agadas, kuma a Satumban 2024 mutanen Damagaram sun ga yadda ruwan sama ya kayar da tsohon masallacinsu na ƙasa. Abin da ya faru a can zai iya faruwa a ko'ina.

Ga mai niyyar zuwa

Shiga Agadas ba wuya: motocin safa na zuwa daga Yamai ta Tawa da Abalak, ko daga Damagaram ta Tanut. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma a riƙe bargo, domin sanyin dare a hamada ba wasa ba ne. Mai son ganin taro yana iya daidaita tafiyarsa da bikin Biyanu na watan Muharram, ko taron makiyaya na Cure Salée a Ingal cikin Satumba, ko bikin Abzin na Iferwan.

Fita daji kuwa wani abu ne daban. A fara tuntuɓar hukumomin jiha da jami'an tsaro, domin wasu hanyoyin sai da izini da rakiyar sojoji. Kada a shiga Tenere da mota ɗaya, kada a tafi ba ɗan jagora na gari, kada a kauce wa sawun da aka sani, saboda an dasa nakiyoyi a wasu sassan Abzin lokacin tawaye. Ruwa da mai a ɗauki fiye da lissafi. Mutanen Kance ba su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, akasari mata da yara, kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su.

A wuraren tarihi kuma, kada a rubuta suna a kan dutse mai zane, kada a zuba masa ruwa don hoto ya fito, kada a ɗauki kan kibiya ko gutsuren tukunya. Dokar 1997 kan kayan tarihi ta hana, kuma abin da aka raba da wurinsa ya rasa rabin labarinsa.

Ɗan ci-ranin da ya dawo hutu daga Aljeriya, Faransa ko Saudiyya, da ɗalibin da ke neman inda zai je a hutun Disamba, ba sai sun jira Turawa sun dawo ba. Kwana biyu a tsohon gari, ladan ɗan jagora, zobe ɗaya daga hannun maƙeri, kwandon lemun Timiya: irin wannan ƙaramin kuɗi ne ke sa mai gidan laka ya sake yaɓe gidansa kafin damina ta gaba.