Kuloci, Fulayiwil da Failot Boris: Wace Magana Ce Gaskiya a Gareji?

Ranar da kuloci ya ajiye mota, shawara takan yi yawa. Wannan ya ce a rage wa fulayiwil nauyi, wancan ya ce a yi masa walda, wani kuma ya rantse cewa kayan Golf duk ɗaya ne, ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka ɗauko kowanne. A cikin maganganun nan akwai gaskiya, akwai rabin gaskiya, akwai kuma wadda za ta sa a sake sauke giyabos kafin wata ya zagayo.

Maganar "duk ɗaya ne" ita ta fi cin kuɗin mutane, kuma ba gaskiya ba ce. Ɗauki Golf 3 ɗin da ta cika tashoshinmu. Da yawa daga cikin masu ƙaramin inji suna zuwa da giyabos mai lamba 020, faɗin filet ɗin kulocinsu bai wuce milimita 210 ba, ɗaurin ma a juye yake: murfin da ke matse filet shi ake ɗaurewa a jikin karanshaf, sannan fulayiwil ya hau kansa. Masu injin TDI ko VR6 kuwa giyabos 02A ne da su, filet milimita 228, ɗauri irin na sauran motoci. Suna ɗaya, jiki ɗaya, amma kayan ba sa shiga juna. Ko faɗi ya zo daidai, sai haƙoran tsakiyar filet sun dace da na sandar giyabos, sai kuma haƙoran gefen fulayiwil sun dace da na kik. A wasu injunan Peugeot 406 ma, na'urar da ke sanar da kwamfutar mota juyin inji a jikin fulayiwil take karatu, don haka idan aka sa wanda ba nasa ba, kik zai yi ta juyi mota ta ƙi tashi.

Sai failot boris, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Yana zaune ne a ramin ƙarshen karanshaf, shi ke riƙe bakin sandar giyabos don kada ta yi lilo. Ana cewa kowace mota mai giyar hannu tana da shi. A'a. Motocin da ƙafafun baya ke ja, irin su Hilux da Hiace, suna da shi. Da yawa daga cikin masu inji a gicciye, har da Golf 3, ba su da shi sam, domin sandar tasu gajera ce kuma boris na cikin giyabos ya riƙe ta. Mai Golf da aka rubuta wa kuɗin failot a lissafi yana da damar ya nemi a nuna masa tsohon.

Amma inda yake, maganar da ake yi cewa "tunda ba ya ƙara a bar shi" ganganci ne. Aikinsa na tashi ne lokacin da aka taka kuloci, inji na juyi sandar giyabos kuma ta tsaya ko ta rage gudu. Idan ya bushe ya cije, sai ya riƙa jan sandar ko an taka kuloci har ƙasa, giya ɗaya da ribas su riƙa gurnani suna ƙin shiga. Nan ne ake ɗora wa giyabos laifin da ba nasa ba. Kunne na taimakawa: ƙarar da ke zuwa in an taka kuloci, a duba rilis boris ko failot; wadda ake ji mota na firi, ta ɓace da an taka, yawanci daga cikin giyabos take. Kuɗin failot ɗin bai kai ko kusa da ladan sauke giyabos ba, to me ake jira?

Masu mayar da otomatik zuwa giyar hannu su ma su kula. Faifan da ke bayan injin otomatik siririn ƙarfe ne, ba fulayiwil ba ne, filet ba zai zauna a kansa ba. Injin kuma yakan zo ba failot a raminsa, sai an sa in motar mai buƙatarsa ce.

Rage nauyin fulayiwil fa, yana ƙara wa inji ƙarfi? Ba ya ƙarawa. Abin da ke gaskiya shi ne inji zai fi saurin amsa totur. Abin da ba a faɗa shi ne nauyin nan shi ke ajiye ƙarfin juyi tsakanin bugu da bugu, shi ke hana mota mutuwa wajen tashi. Ga motar tsere, to. Ga motar haya mai lodin fasinja da buhuna, direba zai riƙa ƙara wuta yana jan kuloci, filet ya ƙone da wuri.

Fulayiwil mai hawa biyu, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fito da shi a 1985, yana da sifirin a cikinsa da ke shanye girgizar inji, musamman na dizal. Shi ya sa idan ka murɗa shi da hannu yakan ɗan motsa, kuma wannan motsin ba lalacewa ba ce sai in ya wuce ƙima. Cewa ana iya musanya shi da dunƙulalle gaskiya ne, amma da cikakken saiti, domin filet ɗin dunƙulalle dole ya zo da nasa sifirin, kuma za a ji ƙarin girgiza. Cewa a yi masa walda a huta kuwa, wannan shawara ce mara kyau: zafi na karkata shi, nauyinsa ya daina daidaito, girgizar ta koma kan giyabos.

Giris mai yawa a haƙoran sanda ma kuskure ne, yakan fantsama kan filet ya sa shi santsi. Haka baƙin mai da ke yoyo ta sil ɗin bayan inji, idan ba a canza sil ɗin ba sabon filet ɗin ma ya tafi.

Mai mota, kafin ka ba da kuɗi, rubuta lambar inji da ta giyabos, ka riƙe tsohon filet zuwa kasuwa, a gwada faɗi a ƙirga haƙora a gabanka. Kafin a mayar da giyabos kuma, a zura sabon filet a sandar ka ga ya shiga.